Lamba Tara: Rashidi Yekini, Masaƙun Kaduna da Tsanin da Ya Karye

A ranar Asabar da yamma, daga Dambatta zuwa Bichi, daga Kunchi zuwa Tsanyawa, da wuya ka wuce gari mai kasuwa ba ka ji ƙarar janareta da ihun matasa daga wata rumfar kwano ba. Gidajen kallon ƙwallo sun zama majalisar samarin karkarar Kano. A cikinsu za ka tarar da yaron da bai taɓa wuce Kwanar Dawaki ba, amma ya san cewa Erling Haaland ya ci ƙwallo 36 a gasar Firimiyar Ingila a kakar 2022 zuwa 2023, kuma zai iya yin musu a kai har a kira sallar isha'i.

Akwai wani adadi da ya fi wannan kusa da mu, wanda ba kasafai ake musu a kansa a waɗannan rumfuna ba. Adadin shi ne 37, wato ƙwallayen da Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya tsakanin 1984 da 1998, tarihin da ya shafe sama da shekara 25 ba wanda ya kamo shi. Yekini haifaffen Kaduna ne, a can ya tashi, a can ya koyi tamaula, kuma ƙungiyar wata masaƙa ce ta fara ba shi riga. Tarihinsa ya cancanci a sake karanta shi a tsanake, domin yana ɗauke da amsar tambayoyi biyu da suka shafe mu a yau: ta wace hanya ɗan talaka daga Arewa ya kai ƙololuwar ƙwallon Afirka, kuma me ya sami wannan hanyar?

Asalin sana'ar

Kafin a zo kan Yekini, ya kamata a fahimci aikin da ya yi. Ɗan wasan gaba na tsakiya, wanda ake kira lamba tara, aikinsa ɗaya ne: ya tsaya kusa da ragar abokan hamayya, ya jure wa duka da turi daga 'yan baya, ya zura ƙwallo idan ta zo. Ingila ce ta ƙera wannan sana'a, kuma mutumin da ya zama ma'auninta shi ne William Ralph Dean, wanda aka fi sani da Dixie Dean.

An haifi Dean a 1907 a Birkenhead, tsallaken kogi daga Liverpool. Ya fara da koyon aikin gyaran jirgin ƙasa, ya buga wa Tranmere Rovers, sannan Everton ta saye shi a 1925. A wannan shekarar ce aka sauya dokar satar gida. A da sai akwai abokan hamayya uku tsakanin ɗan wasa da layin raga kafin a ce bai yi satar gida ba, sai aka mayar da su biyu. Wannan ɗan gyara ya buɗe wa 'yan gaba fili, ƙwallaye suka yawaita. A kakar 1926 zuwa 1927 George Camsell na Middlesbrough ya ci 59 a rukuni na biyu. Kaka ɗaya bayan haka Dean ya ci 60 a rukuni na ɗaya cikin wasa 39, ya cike adadin da ƙwallo uku a ragar Arsenal a wasan ƙarshe, ranar 5 ga Mayu 1928. Har yau ba wanda ya sake kai wannan adadi a babbar gasar Ingila. A wasan ƙarshe na kofin FA na 1933, inda aka sanya wa 'yan wasa lamba a baya, Dean ne ya sa riga mai lamba 9.

Abin lura a nan shi ne inda irin su Dean suka fito. Ƙwallon Ingila 'yar masana'anta ce. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa Newton Heath a 1878, wadda ta rikiɗe ta zama Manchester United. Ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich ne suka kafa Arsenal a 1886. West Ham kuwa ta samo asali ne daga kamfanin ƙera jiragen ruwa na Thames Ironworks a 1895. Inda duk aka tara dubban samari masu albashi, masu hutun yammacin Asabar, da fili a bayan ma'aikata, ƙungiyar ƙwallo takan tsiro. Abin da ya faru a Kaduna ke nan bayan shekara kusan saba'in.

Kadunan masaƙu

An haifi Rashidi Yekini a Kaduna ranar 23 ga Oktoba 1963. Asalin iyayensa mutanen Ira ne, a jihar Kwara ta yanzu, suna cikin dubban da suka yi ƙaura zuwa hedikwatar Jihar Arewa neman abinci. Kaduna ta wancan lokaci gari ne da ke cika yana batsewa. Gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957 tare da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, domin a riƙa sarrafa audugar Funtuwa da Gusau da Zariya a gida. Wasu masaƙun suka biyo baya a unguwar Kakuri, ciki har da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles, wadda aka fi sani da UNTL, da aka kafa a 1964. Bahaushe da Bayarabe da Banufe da Tibi da mutanen kudancin Zariya suka haɗu a layin aiki ɗaya, 'ya'yansu suka tashi a unguwa ɗaya, Hausa ta zama harshen wasansu.

Manyan ma'aikatu na wancan zamani suna riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo. A Kaduna akwai ta UNTL, akwai kuma DIC Bees ta masana'antar kayan tsaro, wadda daga baya ta koma Ranchers Bees. A Kano akwai ta hukumar ruwa ta WRECA da ta Bank of the North, ga kuma Raccah Rovers da ta lashe gasar ƙasa a 1978. A Gboko kamfanin siminti ya riƙe BCC Lions, wadda ta ɗauko kofin Afirka na zakarun kofunan ƙalubale a 1990. A Legas akwai NEPA da ACB da Stationery Stores da Julius Berger.

Amfanin wannan tsari ga yaro mai baiwa a bayyane yake. Ƙungiyar ma'aikata tana da fili, tana da koci, tana da motar zuwa wasa, kuma tana da abin da ya fi duka muhimmanci, wato albashi ko alawus na ƙarshen wata. Uban da zai hana ɗansa yawon ƙwallo a kan layi ba zai hana shi zuwa wurin da ake biyansa ba. A farkon shekarun 1980 Yekini ya shiga ƙungiyar UNTL yana ɗan shekara 18 ko kusa da haka. Kuma ba shi kaɗai garin ya haifa ba: Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro duk haifaffun Kaduna ne, duk sun buga wa Najeriya a gasar cin kofin duniya. Ruwa ba ya tsami banza. Gari ɗaya ba ya fitar da irin waɗannan a cikin shekara goma sha biyar sai da dalili.

Hawa mataki-mataki

Daga Kaduna Yekini ya koma Shooting Stars ta Ibadan a 1982. Ƙungiyar ta lashe gasar ƙasa a 1983, ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, inda Zamalek ta Masar ta doke ta gida da waje. Daga nan ya koma Abiola Babes ta Abekuta, ƙungiyar attajiri Moshood Abiola, wadda ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1985. A 1987 ya tsallaka zuwa Africa Sports ta Abijan, a lokacin da ƙungiyoyin Kwaddibuwa ke biyan abin da na Najeriya ba sa iyawa, musamman bayan darajar naira ta fara zubewa sakamakon shirin tsuke bakin aljihu na 1986.

Sai a 1990, yana ɗan shekara 26, ya isa Turai. Ƙungiyar da ta ɗauke shi ita ce Vitória ta garin Setúbal, wani garin masunta da masana'antu a kudu da Lisbon, babban birnin Fotugal. Ba ta cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar uku, wato Benfica da Porto da Sporting, kuma a kakarsa ta farko ma faɗawa ta yi rukunin 'yan dagaji. Yekini ya zauna. A kakar 1992 zuwa 1993 ya ci ƙwallo 34 a rukuni na biyu, ƙungiyar ta dawo sama. A kakar da ta biyo baya ya ci 21 a rukuni na ɗaya, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a duk faɗin Fotugal, a gaban 'yan wasan ƙungiyoyin da suka ninka tasa kuɗi.

Salon wasansa ba shi da ado mai yawa. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, mai gudu idan aka jefa masa ƙwallo a bayan 'yan baya, kuma bugunsa na da nauyin da masu tsaron gida ke shakka. Ba ya neman yanke mutum uku don a yi masa tafi. Yana neman tazarar taku ɗaya ne tsakaninsa da mai gadinsa, in ya samu, sai raga. Irin wannan ɗan wasa ba ya nuna da wuri. Yana buƙatar shekaru na wasa da manya, yana shan duka, yana koyon inda ƙwallo za ta faɗo kafin ta faɗo. Yekini ya yi kusan shekara tara yana wannan karatu a filayen Kaduna da Ibadan da Abekuta da Abijan kafin Turawa su gan shi. Kowane mataki ya fi na baya tsawo kaɗan, kuma babu wanda ya yi masa nisan da ƙafarsa ba za ta kai ba.

Shekara goma ana neman kofi ɗaya

A tawagar ƙasa, tarihinsa na haƙuri ne. Ya shiga a 1984, shekarar da Najeriya ta kai wasan ƙarshe na kofin nahiyar Afirka a Abijan, Kamaru ta doke ta da ci 3 da 1. A Maroko a 1988 aka sake haɗuwa da Kamaru a wasan ƙarshe, aka sake rashin nasara da ci ɗaya mai ban haushi. A wannan shekarar ya je gasar Olamfik ta Seoul, inda ƙwallon da ya ci Yugoslabiya ita ce kaɗai Najeriya ta ci a gasar. A Aljeriya a 1990, ƙarƙashin sabon koci ɗan ƙasar Holan, Clemens Westerhof, masu masauki suka lallasa Najeriya da ci 5 da 1 a wasan farko. Tawagar ta farfaɗo, Yekini ya ci ƙwallo uku a gasar, aka sake kai wa wasan ƙarshe, Aljeriya ta sake yin nasara da ci 1 da nema. A Senegal a 1992 Najeriya ta zo ta uku, shi kuma ya fi kowa cin ƙwallo da guda huɗu.

Shekarar 1993 ita ce ta sauya komai. Najeriya ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin duniya ba, ko da yake sau da dama tana kai wa bakin ƙofa. A wasannin neman gurbi na gasar 1994 Yekini ya ci ƙwallo takwas, kuma ranar 8 ga Oktoba 1993 kunnen doki 1 da 1 a birnin Aljiyas ya tabbatar da gurbin. A ƙarshen shekarar hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya karɓi wannan kambu daga hannunta, kafin Emmanuel Amunike da Nwankwo Kanu da Victor Ikpeba su biyo sahu a shekarun da suka biyo.

A Tunisiya a 1994 ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu, ya ci Kwaddibuwa ɗaya a wasan dab da na ƙarshe, sannan ya buga fenaritin da ya raba gardama bayan an tashi 2 da 2. A wasan ƙarshe ranar 10 ga Afrilu, Najeriya ta doke Zambiya da ci 2 da 1, Amunike ne ya ci duka biyun. Zambiyar nan kuwa sabuwar tawaga ce da aka haɗa bayan haɗarin jirgin sama na Afrilun 1993 a gaɓar tekun Gabon, wanda ya hallaka yawancin 'yan wasanta. Yekini ya kammala gasar da ƙwallo biyar, ya sake zama na ɗaya. Jimillar ƙwallayensa a gasar nahiyar ta kai 13.

Daren Dallas

Ranar 21 ga Yuni 1994 Najeriya ta buga wasanta na farko a tarihin gasar cin kofin duniya, da Bulgeriya, a filin Cotton Bowl na birnin Dallas a Amurka. A agogon Najeriya dare ya riga ya raba. A karkarar Kano lokacin farkon damina ne, lokacin da manomi ke kwanciya da wuri domin sammakon gona, kuma akwatin talabijin sai a gidajen ɗaiɗaiku da cibiyoyin kallo. Da yawa ta rediyo suka ji labarin, ko kuma da safe a bakin masallaci.

A minti na 21 Finidi George ya shigo ta dama ya miƙo ƙwallo a ƙasa, Yekini ya tura ta raga. Sai ya bi ta ciki, ya cusa hannayensa a cikin zaren ragar, ya damƙe, yana jijjigawa yana kuka yana ɗaga murya. Wannan hoto ya zagaya duniya, kuma har yau shi ne abin da ke fara zuwa zuciya idan aka ambaci sunansa. Amokachi da Amunike suka ƙara, aka tashi 3 da nema. Bulgeriyar da aka yi wa haka ita ce ta ci gaba har wasan dab da na ƙarshe, bayan ta fitar da Jamus mai riƙe da kofi.

Ƙasar da ta yi murna a wannan dare tana cikin tsaka mai wuya. An soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a Nuwamban wannan shekarar, kuma kwana biyu bayan wasan Dallas, ranar 23 ga Yuni 1994, aka kama Moshood Abiola, tsohon ubangidan Yekini a Abekuta, saboda ya ayyana kansa shugaban ƙasa. A daidai lokacin da siyasa ke raba Arewa da Kudu maso Yamma, mutumin da ya haɗa kan ƙasar na tsawon dare ɗaya Bayarabe ne ɗan Kaduna, wanda kowane ɓangare ke iya cewa nasa ne.

Najeriya ta sha kashi a hannun Ajantina da ci 2 da 1, ta doke Girka 2 da nema, ta fito ta ɗaya a rukuninta. A zagaye na biyu tana gaban Italiya da ci ɗaya har saura minti biyu a tashi, Roberto Baggio ya farke, ya ƙara na biyu da fenariti a ƙarin lokaci. Yekini bai sake cin ƙwallo a gasar ba. Yana da shekara 30 a lokacin.

Gangara

Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Bayan gasar ya koma Olympiacos ta Girka, zaman bai yi daɗi ba. Ya wuce Sporting Gijón ta Sifaniya, inda ƙwallayen suka yi ƙaranci. Ya koma Setúbal na ɗan lokaci, sannan FC Zürich ta Suwizalan, inda ya ɗan farfaɗo har aka tafi da shi gasar duniya ta Faransa a 1998 a matsayin ɗan benci. Wasan da Denmak ta ci Najeriya 4 da 1 shi ne ƙarshen zamaninsa a tawagar ƙasa.

Siyasa ma ta ci rabonta daga tarihinsa. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa a Nuwamban 1995 da cacar bakin da ta biyo baya tsakanin gwamnatin Abacha da ta Nelson Mandela, Najeriya ta janye daga gasar nahiyar ta 1996 a Afirka ta Kudu, hukumar ƙwallon Afirka kuma ta hukunta ta da hana ta shiga ta 1998. Tawagar da ta fi kowace ƙarfi a tarihin ƙasar ta rasa gasa biyu a jere, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasa biyu da suka gabata kuma bai sake taka filin gasar ba.

Daga Zürich ya yi Bizerte ta Tunisiya, ya yi Al-Shabab ta Saudiyya, ya koma Africa Sports. A 2002 ya dawo gida ya buga wa Julius Berger, a 2005 kuma, yana ɗan shekara 41, ya sake ɗaura takalmi a Gateway ta Abekuta. Mutumin da ya cika filayen Turai ya ƙare yana bin motar ƙungiya a kan titunan Najeriya, abin da 'yan wasa kaɗan masu irin sunansa suka yarda su yi.

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su ne a Ibadan, a keɓe, nesa da 'yan jarida da tarukan hukuma. Jaridu sun yi ta rawaito cewa yana fama da rashin lafiyar da ta shafi ƙwaƙwalwa, kuma bayan rasuwarsa an yi ta saɓani a bainar jama'a kan yadda makonninsa na ƙarshe suka kasance. Ya rasu ranar 4 ga Mayu 2012 yana da shekara 48, aka binne shi a Ira. Allah ya jiƙansa.

Abin da ake bin ƙasa bashi

Dixie Dean ma bai yi arziki da ƙwallo ba. A zamaninsa akwai dokar da ta ƙayyade albashin ɗan wasa a fam takwas a mako, ba a soke ƙayyade albashi ba sai 1961. Bayan ya yi ritaya ya riƙe mashaya a garin Chester, daga baya ya yi ƙaramin aiki a kamfanin Littlewoods, a 1976 aka yanke masa ƙafa. Amma ƙungiyarsa ba ta sake shi ba. Ya rasu ranar 1 ga Maris 1980 a cikin filin Goodison Park, inda ya je kallon Everton da Liverpool, kuma a 2001 aka kafa mutum-mutuminsa a bakin filin. Yana da gidan da zai koma, domin ƙungiyar da ta yi shi tana nan.

Ƙungiyar da ta yi Yekini fa? Masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002. UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Rashin wutar lantarki, tsadar man injina, da kwararowar atamfa mai araha daga waje ta kan iyaka sun durƙusar da Kakuri, kamar yadda suka durƙusar da masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Idan ana lissafin asarar, akan ambaci albashi da auduga da haraji. Ba a cika ambaton filayen wasa da suka zama kufai ba, da kociyoyin da suka watse, da matakin farko na tsanin da ya ɗauki yaro daga unguwa zuwa Dallas.

Ita ma gwamnati ba ta yi saurin cika alkawari ba. Gidajen da aka yi wa tawagar 1994 alkawari, sai a 2021 aka amince a ba mutum 22 daga cikin 'yan wasa da jami'anta nasu, bayan shekara 27. Kafin lokacin mutum biyar daga cikin 'yan wasan sun riga mu gidan gaskiya: Uche Okafor a 2011, Yekini a 2012, Thompson Oliha a 2013, Wilfred Agbonavbare a 2015, da kyaftin Stephen Keshi a 2016. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta zamanin Turawa kuwa sai a Janairun 2023 aka sanya mata hannu. A al'adarmu har yanzu irin wannan ciwo abin ɓoyewa ne, kuma mutumin da jama'a suka saba gani a matsayin ƙarfe shi ne na ƙarshe da za a yi tunanin yana buƙatar likita.

Ina yaron Makoɗa zai bi?

Karkarar da ke kewaye da Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin yadda ake noma kusan kowane taƙi na ƙasar nan duk shekara, ba tare da barin saura ta huta ba, ana riƙe ta da takin dabbobi da sharar birni. Wannan yana da ma'ana ga ƙwallo. Inda gona ta kai bakin katangar gida, fili mai faɗin taku ɗari ba ya zama banza. Yaro a ƙauyukan Makoɗa ko Minjibir ko Dawakin Tofa yana da wuri biyu: filin makaranta, in ba a yanka shi an yi shaguna ko ajujuwa ba, da gonar da aka girbe, daga kaka zuwa saukar ruwa. Da damina ta faɗi, raga ta tashi, garma ta shiga.

Sha'awa ba ta yi ƙaranci ba, baiwa ma haka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne matakan da ke tsakani. A 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru ta ƙasa, aka haɗe WRECA da Bank of the North da Kano Golden Stars aka kafa Kano Pillars. Sai Masu Gida ta yi abin a zo a gani: ta lashe gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 ta kai wasan dab da na ƙarshe na zakarun Afirka. A rigarta ne Ahmed Musa, haifaffen Jos, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya tafi Holan yana ɗan shekara 18, daga baya ya ci wa Najeriya ƙwallo huɗu a gasar duniya. Sai dai haɗewar ta nuna sauyin zamani: ƙofofi uku sun koma ɗaya, ɗayar kuma a hannun gwamnatin jiha. Haka lamarin yake a Katsina da Bauchi da Maiduguri da Minna, inda babbar ƙungiya ke jiran kasafin kuɗi da ra'ayin gwamna mai ci. A 2025 Barau FC, wadda sanatan Kano ta Arewa ya kafa, ta hau rukuni na ɗaya, abin da ya ƙara wa jihar ƙofa ta biyu. Tarihin ƙwallon Najeriya dai ya nuna cewa ƙungiyar da ta dogara da aljihun mutum ɗaya tana buƙatar ta yi saiwa a cikin jama'a tun yana da hali, idan ana so ta daɗe.

Gurbin da ƙungiyoyin ma'aikatu suka bari, makarantun horar da yara da dillalan 'yan wasa ne suka cike shi. Wasu na aikin kirki. Amma kasuwar tasu ta fi son yaro ɗan shekara 17 da za a iya sayarwa waje da wuri. Wanda zai nuna a shekara 26, kamar Yekini, ba shi da inda zai jira, domin babu mai biyansa yana jira. Kafin lokacinsa ya zo ya koma gona, ko acaɓa, ko cirani a Legas.

Masaƙun Kakuri ba za su dawo don ƙwallo ba, amma abubuwan da suka bayar ba asiri ba ne: fili tabbatacce, gasa mai jadawali, koci mai albashi, da ɗan abin sa wa a aljihu. Ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano suna iya killace filayen makarantu da takardar mallaka kafin a cinye su. Ana iya tsara gasar rani tsakanin gundumomi, daga bayan girbi zuwa bazara, a lokacin da samari ke da sarari kuma ƙasa ke a buɗe. Kamfanonin shinkafa da na taki da manyan 'yan kasuwar hatsi na Dawanau, waɗanda arzikinsu daga gumin waɗannan ƙauyuka yake fitowa, suna iya riƙe ƙungiyoyi kamar yadda UNTL ta yi, da kuɗin da bai kai na tallan rediyo na shekara ba. Ƙungiyoyin da ke akwai kuma suna iya fara ajiye wa 'yan wasansu wani abu na ranar da ƙafa za ta gaza, tare da kula da lafiyarsu ta jiki da ta zuciya.

Yekini ya ci ƙwallo 37 ne saboda baiwar da Allah ya ba shi, amma ya samu damar cin su ne saboda wata masaƙa ta ga dacewar ta ajiye fili da riguna goma sha ɗaya. Baiwar tana nan ana haihuwarta kowace shekara a gidajen manoma. Filin da rigunan su ne aikin da ya rage mana.